Dajin da Ake Shiga da Ƙidaya: Tafkunan Arewacin Minnesota da Farashin Shirunsu

Ranar Laraba ta ƙarshe a watan Janairu, da ƙarfe tara na safe agogon Minnesota, dubban mutane kan zauna gaban kwamfuta suna rige-rigen takarda guda. A lokacin ƙanƙara ta rufe ko'ina, tafkunan arewacin jihar sun daskare har mota na bi ta kansu, amma abin da ake nema na watan Yuli ne: izinin shiga wani daji a rana kaza, ta ƙofa kaza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin hantsi guraben ƙofofin da aka fi so sun ƙare. Wanda ya dace kuwa, abin da ya samu shi ne damar ɗaukar kwalekwale a ka, da shan cizon sauro, da kwana a ƙasa cikin tanti, a wurin da babu lantarki, babu shago, galibi ko waya ba ta kamawa.

Mu da muka tashi muna jin daji a matsayin wurin da ake yi wa matafiyi addu'a kafin ya ratsa shi, dole abin ya ba mu mamaki. Sunan wurin Boundary Waters, wato ruwayen kan iyaka, domin ya bi iyakar Amurka da Kanada na tsawon kilomita kusan 240. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 4,400, kusan ninki biyu na Yankari, yana cikin gandun dajin tarayya na Superior, kuma hukumar gandun daji ta Amurka ce ke kula da shi. A tsallaken iyaka akwai ɗan'uwansa, gandun Quetico na lardin Ontario. Tafkunan da ke ciki sun haura 1,100. Ƙanƙarar zamanin da ce ta kankare ƙasar ta bar dutse tsirara da ramuka, ruwa ya cike ramukan, itatuwa masu ganye kamar allura suka rufe tudun. Akwai kyarkeci a ciki, a nan ne ma ya tsira lokacin da aka kusa ƙarar da shi a sauran jihohin Amurka na ƙasa da Kanada. Akwai baƙar beyar, akwai mus, wata dabba mai faffaɗan ƙaho da ta fi doki tsawo. Sanyin yankin ba na wasa ba ne: a garin Tower da ke kusa, ranar 2 ga Fabrairun 1996, ma'auni ya sauka zuwa digiri 51 ƙasa da sifili.

Tafiya a ciki iri ɗaya ce tun da can. Ka tuƙa kwalekwale da filafili har ƙarshen tafki, ka fito, ka saɓa kaya, ka kifa kwalekwalen a kafaɗa, ka bi wata siririyar hanya cikin itatuwa har tafki na gaba. Waɗannan hanyoyin dako ba a auna su da mita, ana auna su da wani tsohon ma'auni mai suna rod, wanda ya ɗan haura mita biyar, kusan tsawon kwalekwale guda. In taswira ta ce hanya rod 320 ce, to mil guda ke gabanka da kaya a baya. Da yamma sai neman zango, kuma a nan ne lissafin duka yake.

Ba a kwana inda aka ga dama. Zangunan da hukuma ta keɓe kusan 2,000 ne, kowanne da murhun ƙarfe guda da masai a can cikin itatuwa, kuma ba a kama zango tun daga gida, wanda ya riga isa shi ke kwana. To ka ga idan aka bar kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya a rana ɗaya, magariba za ta riski iyalai a tsakiyar ruwa suna zagaye tafki babu wurin sauka, su kuma ƙarshenta su sare wani sabon fili su kwana. Shi ya sa daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba kowace ƙofa ke da adadin ayarin da za ta karɓa a rana, wata ɗaya tak, wata fiye da goma. Ayari ba ya wuce mutum tara da kwalekwale huɗu. Ba a shiga da gwangwani ko kwalba. Ba a wanka da sabulu a tafki, sai an ɗebi ruwa an nisanta kamar mita sittin. Abinci kuma ko dai a zuba shi a mazubin da beyar ba ta iya fasawa, ko a rataye shi a reshe, sama da ƙasa da kusan mita huɗu, nesa da gindin itacen da kusan mita biyu. Dalilin wannan na ƙarshe tausayi ne ga dabbar: beyar da ta ɗanɗana abincin mutane takan riƙa bin zanguna, ƙarshenta kuwa sau da yawa harbi ne.

Mutum zai iya ganin dokokin sun yi yawa ga wurin da ake zuwa don a huta da dokoki. Shekarar 2020 ta nuna amfaninsu. Da annobar korona ta rufe otal-otal da filayen jirgi, jama'a suka kwararo daji, masu ziyara suka haura 165,000, da yawa cikinsu ba su taɓa kwana a waje ba. Ma'aikata suka riƙa tarar da ɗanyun itatuwa an sare don hura wuta, shara a murhu, bayan gida a fili. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙasar wurin siririya ce, ɗan taki ne kwance a kan dutse, lokacin tsiro kuma gajere, don haka abin da takalmi ya murƙushe a wata uku yana iya ɗaukar shekaru bai farfaɗo ba. A 2022 hukumar ta rage guraben da kashi 13 cikin ɗari.

Ni ina ganin ragin daidai ne, amma ba zan ce bai cuci kowa ba. Tsarin da ke buƙatar ka san ranar hutunka wata shida kafin lokaci, ka kuma kasance gaban intanet mai ƙarfi da safiyar ranar aiki, ya fi dacewa da ma'aikacin ofis da ɗan fansho a kan lebura mai aikin awa. Kuɗin shiga ba shi ne matsalar ba, ya yi shekara da shekaru yana dala 16 ga babba. Arahar ma ita ta haifi wata cutar: mutane kan kama gurabe da yawa a Janairu don gudun rasawa, daga baya su soke a ƙurarren lokaci ko su ƙi zuwa, zango ya kwana babu kowa alhali wani ya haƙura a gida. Masu ba da hayar kwalekwale da kayan tafiya a garuruwan Ely da Grand Marais da ke kusa da dajin su ma kowane gurbi da aka rage cinikinsu ne aka rage.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda shirun nan ya samu. Mai ziyara na zaune bakin tafki ba ya jin ƙarar inji ko ɗaya, sai ya ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Alhali kowane ɓangare na shirun akwai ranar da aka yi faɗa a kansa. Shugaba Theodore Roosevelt ne ya kafa gandun Superior a 1909, amma hakan bai hana sarar katako ba. A shekarun 1920 wani attajirin katako da takarda, Edward Backus, ya kawo shirin gina jerin madatsun ruwa da za su ɗaga ruwan tafkunan iyaka su nutsar da gaɓoɓi da tsibirai. Ernest Oberholtzer, wanda ya zauna a wani tsibiri a tafkin Rainy, ya jagoranci masu adawa, har majalisa ta yi dokar 1930 da ta hana taɓa matakin ruwan, ta kuma hana sarar itace cikin mita 120 daga gaɓa. Bayan yaƙin duniya na biyu sai ƙananan jiragen sama masu sauka a ruwa suka fara jigilar masunta zuwa masaukan da aka gina a tsakiyar daji. A 1948 aka ba gwamnati ikon saye masaukan, a 1949 Shugaba Truman ya hana jirgi yin ƙasa da mita 1,200 a sararin wurin. Dokar dazuzzukan da ba a taɓawa ta 1964 ta haɗa da shi, amma ta bar ƙofa ga katako da jiragen ruwa masu inji. Sai a 1978, da dokar da Jimmy Carter ya sa wa hannu, aka rufe sarar katako da haƙar ma'adinai a ciki, aka kuma taƙaita inji ga wasu tafkuna kaɗan.

Mutanen Ely ba su yi murna ba, kuma yana da kyau a fahimci dalilinsu. Gari ne na masu haƙar ƙarfe, 'ya'yan baƙin da suka zo daga Finland da Slobeniya da wasu ƙasashen Turai. Mahaƙarsu ta ƙarshe ta rufe a 1967. Mutumin da ya yi mako yana aikin ƙarfi, abin da yake so ranar Asabar shi ne ya tayar da ƙaramin injinsa ya je inda mahaifinsa ya koya masa kamun kifi ya dawo kafin dare. Ba shi da mako guda na tuƙa filafili. A idonsa, 'yan birni masu hutu ne suka zo suka ƙwace masa bayan gida suka mayar wurin shaƙatawarsu. A 1977, lokacin da 'yan majalisa suka zo jin ra'ayin jama'a a garin, an rataye mutum-mutumin Sigurd Olson, dattijon garin da ya fi kowa fafutukar kare dajin. Garin da ya haura mutum 6,000 a 1930 yau bai fi 3,300 ba. Masu yawon daji sun kawo kuɗi, gaskiya ne, amma aikin wata huɗu na wanke kwalekwale bai kama ƙafar albashin mahaƙa ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Akwai wata mata da labarinta ya tattara wannan duka. Dorothy Molter ma'aikaciyar jinya ce da ta fara zuwa tafkin Knife a 1930, ta zauna a wani tsibiri fiye da shekara hamsin, tana ɗinke raunin matafiya, tana haɗa wani lemon saiwoyi da ya sa dubban mutane ke yada zango a wurinta kowace bazara. Bayan dokar 1964 aka ce ta tashi, tunda dajin da doka ta siffanta ba ya da mazauni. Jama'a suka yi ca, aka bar ta har ƙarshen ranta. Ta rasu a Disambar 1986, aka kwashe ɗakunanta aka kai Ely aka mayar gidan tarihi. Daga ranar ne dajin ya zama ba kowa a cikinsa sai baƙi.

Amma waɗanda aka fara ɗagawa sun riga ta da nisa. Hanyoyin dakon nan da mai ziyara ke bi ba hukuma ce ta fitar da su ba. Sawun Ojibwe ne, al'ummar da Turawa suka tarar a yankin, da na waɗanda suka riga su. Su suka ƙera kwalekwale da ɓawon wata farar bishiya, mara nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka, wanda fataken fatu Faransawan Kanada suka ara a ƙarni na 18 suna dakon fatar biba, wata dabbar ruwa mai laushin gashi, zuwa Turai. Fataken nan kan ɗauki ɗauri biyu, kowanne kilo 40, su bi babbar hanyar dako ta Grand Portage mai kilomita kusan 14. Ita kanta iyakar ƙasashen biyu, yarjejeniyar 1842 hanyar kwalekwalen ta bi, ta kuma ce hanyoyin dako na gefe da gefe a buɗe suke ga mutanen ɓangarorin biyu. A 1854 Ojibwe suka miƙa wannan yanki ga Amurka a yarjejeniyar La Pointe, amma suka riƙe haƙƙin farauta da su da tsintar abin daji, haƙƙin da al'ummomin Bois Forte da Grand Portage da Fond du Lac ke riƙe da shi har yau. A ƙarshen bazara har yanzu suna girbin manoomin, wata shinkafar ruwa mai fitowa da kanta: mutum ɗaya na tura kwalekwale da gora, ɗaya na lanƙwaso zangarniya da sanda yana kaɗe ƙwayar a ciki. A tafkin Hegman akwai zanen da kakanninsu suka yi da jar ƙasa a jikin dutse, mutum da mus da kwalekwale. A ɓangaren Kanada kuwa an tilasta wa iyalai barin Quetico, har gwamnatin Ontario ta nemi gafarar al'ummar Lac La Croix a 1991.

Ga kuma wani abu da ya girgiza tunanin masana kansu. Masu nazarin zoben cikin itace sun duba tabon wuta a jikin tsofaffin itatuwan wurin, sai suka ga wuta ta fi yawan tashi a wuraren da mutane ke sauka da hanyoyin da suke bi, fiye da yadda tsawa kaɗai za ta iya haddasawa. Ojibwe ne ke sa ƙaramar wuta da gangan, don share ƙasa, don 'ya'yan itacen da suke tsinka su yi yawa. Duk wanda ya ga makiyayi na ƙona busasshiyar ciyawa don sabuwa ta tofo ya san hikimar, ya kuma san tana buƙatar sanin lokaci. Da aka tattara su a keɓaɓɓun yankuna, aka kuma shiga kashe kowace wuta, tabon ya ɗauke daga jikin itatuwan. Ma'ana, filayen nan masu dogayen itatuwa da iska ke ratsawa, waɗanda mai ziyara ke ɗauka hoto yana cewa hannun mutum bai taɓa su ba, yawancinsu gonar wasu ce da aka hana su nomawa. Wannan ne ya sa nake ganin kalmar "dajin da ba a taɓa ba" ta yi wa tarihi ƙwange, ko da dokar da aka gina a kanta ta yi amfani. A 2023 hukumar ta sa hannu da al'ummomin uku kan yarjejeniyar kula da gandun tare. Mataki ne mai kyau, ya dai zo a makare.

Wuta a wannan daji ba baƙuwa ba ce. Akwai itacen da ƙaro ke liƙe kwanson irinsa shekaru, ba ya buɗewa sai zafin gobara ya narkar da ƙaron. Masanin daji Miron Heinselman ya nuna cewa kafin zuwan Turawa, a cikin kimanin shekara ɗari wuta kan zagaye faɗin da ya kai dajin duka. Hana ta ya sa makamashi ya taru. Sai ga guguwar 4 ga Yulin 1999, iska mai gudun fiye da kilomita 145 a sa'a, ta kwantar da miliyoyin itatuwa a kusan sulusin wurin, ta raunata mutane kusan 60, Allah ya sa ba a rasa rai a ciki ba. A Mayun 2007 wutar wani zango da ba a kashe da kyau ba ta zama gobarar Ham Lake, ta cinye murabba'in kilomita kusan 300 a ƙasashen biyu da gine-gine fiye da ɗari. A 2011 tsawa ta tayar da wutar Pagami Creek, hukuma ta fara barinta ta yi aikinta tana sa ido, sai ranar 12 ga Satumba iska ta juya, wutar ta yi tafiyar kilomita 25 a yini guda, hayaƙinta ya kai Chicago. A Agustan 2021 fari da gobara suka sa aka rufe dajin gaba ɗaya, karon farko tun 1976. Nan ma mai ziyara ya shiga lissafi: dajin na buƙatar wuta, amma da wuya jami'i ya bar ta ta ci alhali ya san akwai ɗaruruwan mutane warwatse a tsibirai ba waya a hannunsu.

To me zai hana a rufe wurin kawai a huta? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. A gefen kudu, kusa da tafkin Birch da kogin Kawishiwi, akwai ɗaya daga manyan taskokin jan ƙarfe da nikel na duniya da ba a haƙa ba. Kamfanin Twin Metals, mallakar Antofagasta na ƙasar Chile, ya daɗe yana son haƙa. Wurin yana wajen iyakar Boundary Waters, don haka dokar 1978 ba ta hana shi kai tsaye ba. Matsalar ita ce inda ruwa ya nufa. A wannan yanki ruwa arewa yake gangarawa, ya bi ta tsakiyar tafkunan, ya wuce gandun Voyageurs, ya nufi mashigin Hudson. Dutsen da ke ɗauke da jan ƙarfen kuma yana da sinadarin farar wuta, wanda in ya haɗu da iska da ruwa yake zama asid, ya narko da ƙarafa masu guba. Tafkunan a sarƙe suke kamar carbi, abin da ya shiga ɗaya zai bi sauran, ruwansu kuma ba shi da sinadaran da za su kashe kaifin asid. Ita ma manoomin ba ta jure gishirin farar wuta, shi ya sa tun 1973 jihar ta sa iyakar miligiram 10 a kowace lita a ruwan da take fitowa.

Masu goyon bayan haƙar na cewa za a yi ta a ƙarƙashin ƙasa da dabarun zamani, cewa duniyar da ke son motar lantarki dole ta samo jan ƙarfe daga wani wuri, kuma gara a haƙa inda akwai doka da a tura wa ƙasashen da ba mai sa ido. Hujja ce mai nauyi, musamman daga bakin ɗan Ely da ke kallon makarantar garinsu na raguwa. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a bar wurin, domin kuskure a nan ba ya gyaruwa: dokar da ta hana hanya da inji ita ce za ta hana shiga da manyan motoci a share ɓarna. Gwamnatin Obama ta ƙi sabunta lasisin kamfanin a ƙarshen 2016, ta Trump ta mayar masa, ta Biden ta soke a 2022, sannan a Janairun 2023 sakatariyar harkokin cikin gida Deb Haaland ta janye murabba'in kilomita fiye da 900 daga haƙa na shekara 20. Abin da sa hannun wata gwamnati ya ɗaure, wata na iya kwancewa, kuma tun daga lokacin aka shiga ƙoƙarin hakan a Washington.

Duk lokacin da maganar ta taso, waɗanda ke cika akwatin hukuma da wasiƙu, suna kiran ofisoshin 'yan majalisa, su ne mutanen nan kusan 150,000 da ke shiga kowace shekara, da miliyoyin da suka taɓa shiga suna yara tare da iyayensu ko ayarin makaranta. Takalminsu ne ke murƙushe ƙasar zango, wutar ɗayansu ce ta ci Ham Lake, kuma ƙuri'arsu ce ta tsayar da madatsun Backus da jiragen 1949. Shi ya sa batun wanda ke samun gurbi a safiyar Larabar Janairu ya fi ƙarfin maganar hutu. Idan guraben suka ci gaba da faɗawa hannun irin mutanen da suka saba samu, yaran unguwannin Minneapolis, ciki har da 'ya'yan Somaliyawa da Hmong na kudu maso gabashin Asiya da suka cika birnin, za su girma su zama masu zaɓe ba tare da sun taɓa kifa kwalekwale a kafaɗa ba, alhali tafiyar sa'a huɗu zuwa biyar ce kawai a mota tsakaninsu da Ely.